Wa Ya Buɗe Bakin Fim?

Yaron da ke zaune a gidan kallo a Magaria ko Dungass, idan bakin jarumi ya motsa kafin murya ta fito, nan take zai ce kaset ya lalace. Ya ɗauka haka aka haifi fim, da baki da murya tare. Tarihi kuwa ya bar mana abin ɗaure kai. Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877. 'Yan gidan Lumière sun haska fim ga 'yan kallo a Paris a 1895. Ga murya, ga hoto, amma sai a 1927 fim mai magana ya kankama. Me ya riƙe shi shekara talatin da ɗoriya?

Zargi na farko ya faɗa kan daidaito. Edison ya gwada a 1913, ya haɗa majigi da garmaho ta hanyar doguwar igiya mai bin ƙafafun juyi har bayan allo. Da zaren fim ya tsinke aka liƙe shi, 'yan hotuna sun ɓace, garmaho kuwa bai san an yi ba, sai murya ta koma bin baki a baya har ƙarshe. Mutane suka yi ta ihu, sana'ar ta mutu.

Amma ko an daidaita, da sauran rina a kaba. Garmahon wancan zamani ba ya aiki da lantarki. Allura ce ke karkarwa, ƙaho ya ɗan ƙara mata amo, abin da zai ishi ɗaki guda ke nan, ba zauren mutum dubu ba. Wajen ɗauka ma dole mai magana ya kusanto bakin ƙahon ya ɗaga murya, kuma ƙahon ba shi da wurin ɓuya daga kyamara. Ashe babbar matsalar ita ce rashin abin da zai ɗauki siririyar murya ya ƙarfafa ta.

Wanda wannan ya fi damu ba ɗan fim ba ne. Kamfanin tarho na Amurka, AT&T, yana son murya ta tashi daga New York ta isa San Francisco, amma tana suma a hanya. A 1913 ya sayi haƙƙin wani ɗan ƙwan gilashi da Lee de Forest ya ƙirƙira, injiniyoyinsa suka gyara shi ya zama mai ƙarfafa sauti, aka buɗe layin a 1915. Daga nan reshensa, Western Electric, ya fito da makirfo mai jin magana daga nesa, da lasifika, da hanyar yanka faifai da lantarki. Duk abin da fim ya rasa ya taru a hannun masu waya.

Western Electric ya yi wa manyan kamfanonin fim tayin kayan, suka yi watsi da shi, sai Warner Brothers suka karɓa. Vitaphone suka kira tsarin: inji ɗaya ke juya majigi da faifai, gudun fim kuma aka tsayar da shi a hoto 24 cikin daƙiƙa, domin ido na yafe ɗan sauri ko jinkiri, kunne ba ya yafewa. Don Juan ya fito a Agusta 1926 da kiɗa, The Jazz Singer a Oktoba 1927 da waƙa da 'yar magana.

Faifan bai daɗe ba, aka mayar da sautin jikin zaren fim ɗin kansa, aikin da Fox Movietone da RCA Photophone suka yi takara a kai. Duk wanda ya ɗaga tsohon zaren sinima ga haske zai ga siririn layi a gefen hotuna. Fitila ke ratsa shi, wani idon lantarki ya mayar da rawar hasken murya. Abin da ya fi burge ni, muryar kowane hoto ba ta kusa da shi, tana gaba da kimanin hoto 20. Dalili kuwa, hoto tsayawa yake yana tafiya a gaban fitila, sauti kuma sai da gudu mai santsi, don haka aka raba musu wurin karatu.

Kuɗin ma masu lantarkin ne suka kwashe. A Jamus, Siemens da AEG suka tsaya bayan kamfanin sautin fim na Tobis-Klangfilm, aka yi ta shari'a, har a 1930 suka zauna da Amurkawa a Paris suka raba kasuwannin duniya. Lokacin da aka buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, an riga an gama wannan rabo.

Ɗaukar murya a titi kuwa ya ƙara jinkiri, saboda nauyin kayan. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un noir na 1958 a Abijan ba tare da maganar ba, Oumarou Ganda ɗan Nijar ya kalli hotunan daga baya ya ɗora muryarsa. Sai da ƙaramin rikoda Nagra na Stefan Kudelski ya samu dabarar tafiya daidai da kyamara a farkon shekarun 1960, sannan mutum biyu suka iya shiga kasuwa su ɗauki mai magana da bakinsa da muryarsa lokaci guda.