A Kwance Mari, A Buɗe Kunne

(Kiɗan taken shiri)

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman na yau yana zuwa muku ne daga Hanwa, nan Zariya, daura da Kwangila, a bakin hanyar da ta miƙe zuwa Samaru da Shika. Zancenmu kuwa na 'yan'uwanmu ne masu larurar taɓin hankali, da yadda muke ture su gefe alhali jininmu ne.

Kun san yadda abin ke farawa. Saurayi ya daina barci, ya koma magana shi kaɗai. Mai jego ta ƙi karɓar jaririnta, kuka dare da rana. Sai raɗa ta cika gida: "Sammu aka yi masa." "Iskoki ne suka taɓa ta." "A rufe maganar, kada ƙannensa su rasa mijin aure." Daga nan sai ɗakin baya da kwaɗo, wani lokaci har da mari.

A watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Cikin Oktoba aka bankaɗo irin waɗannan gidaje a Daura da nan Zariya. Abin da ya fi ciwo shi ne, akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna neman musu shiriya ko waraka. To me ke sa mai ƙauna ya yarda a ɗaure abin ƙaunarsa?

(Kiɗa)

Talauci da ƙarancin likitoci suna ciki. Amma masana nazarin ɓoyayyen tunani sun hango wani dalili a can ƙasan zuciya. Jagoransu, Sigmund Freud, likita ne a ƙasar Ostiriya, ya rasu a 1939. A ganinsa, abin da mutum ya danne a ransa ba ya mutuwa, yakan dawo ne ta mafarki, ta fargaba, ko ta ciwon jikin da gwaji ba ya ganowa. Ya kuma lura cewa ɗan Adam yakan jingina wa wani abin da yake gudun gani a kansa. Kakanninmu sun riga shi faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai taɓin hankali yana tuna mana cewa hankalinmu ma aro ne, yana iya kuɓucewa. Wannan tsoron ne ke sa yara su jefe shi a titi, manya su kawar da kai. Mun kulle shi ne domin namu ran ya samu sakat.

A 1917 Freud ya yi rubutu kan makoki da ciwon damuwa. Ya ce baƙin cikin da bai samu mafita ba yakan juyo ya ci mai shi, har ya tsani kansa. Ku duba matar da ta binne ɗan fari, kunya ta hana ta ko ambaton sunansa, kowa ya shigo sai "yi haƙuri" ya fita. Haƙuri ibada ne, babu shakka. Sai dai haƙuri bai hana hawaye ba, don Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Wanda aka zauna aka saurara, nauyinsa yana raguwa.

Masana na yau ba su karɓi duk abin da Freud ya faɗa ba, kuma larura mai tsanani ba ta warkewa da hira kaɗai, sai da maganin asibiti. Amma darasin saurare ya tsaya daram, kuma wani ɗan Najeriya ya gwada shi a aikace. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyata, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su je a duba su, da yamma su dawo cikin jama'a. Tsarin ya yi suna har a idon duniya, domin ya nuna cewa zama cikin mutane shi kansa magani ne.

(Kiɗa)

Doka ma ta sauya. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma tabbatar wa majinyata 'yancinsu da mutuncinsu. Taimako kuwa yana kusa da mu: akwai sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Don haka, baba, inna, yaya: idan naku ya sauya, ku fara zaunar da shi ku ce, "Me ke damunka?" Ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, ko da ba ta shiga kunne. Ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi ga likita, ɗaya ba ya hana ɗaya. Idan ya samu sauƙi, a sa hannu da shi a kwano ɗaya, a matsa masa a sahu, a mayar masa da sana'arsa. Malamai da masu unguwa, ku riƙa tambayar wanda aka daina gani a majalisa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana tausayi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.

(Kiɗan rufewa)