Ruwan da Rana Ke Shanyewa a Wurin Ninkaya

Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a Taura cikin watan Afrilu ya san darajar jarka guda ta ruwa. To, ka taɓa tunanin ruwan da ke salwanta a wurin ninkaya na otal-otal ɗin manyan garuruwanmu?

Mu ɗan yi lissafi. A ce wurin ninkaya yana da tsawon mita 20 da faɗin mita 10. Idan zafin rana ya rage milimita 5 kacal daga samansa a yini, lita 1,000 ke nan ta tashi ta bi iska. Wato jarka 40 mai cin lita 25, ba tare da kowa ya sha ko ya yi wanka ba.

Maganin farko mai sauƙi ne: a lulluɓe ruwan da murfi idan babu mai ninkaya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce murfi na rage ruwan da ake ƙarawa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100.

Sai injin da ke zagayawa da ruwan domin tacewa. Na zamani ana iya rage masa gudu, kuma idan aka rage gudun da rabi, wutar da yake ci takan sauko zuwa kusan kashi ɗaya bisa takwas. Akwai kuma ƙananan na'urori da ke auna kilorin da tsamin ruwa, su aika saƙo a wayar mai kula da wurin. Ruwan da aka kula da shi haka ba a yawan zubar da shi.

Wasu sun koyi darasin da wahala. A 2018 fari ya sa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, aka kuma hana cika wuraren ninkaya da ruwan famfo.

Mu a Jigawa ba sai mun mallaki otal ba. Dubi tankin makarantarku: sau nawa yake cika yana ambaliya, kowa na wucewa? Akwai ɗan makunni mai arha da ke yawo a saman ruwa, yana kashe injin da zarar tanki ya cika. Ku ɗaliban kimiyya, ku auna ruwan da ke zuba da bokiti na mako guda, ku rubuta, ku kai wa shugaban makaranta tare da wannan shawara.