Gem Na Maƙalewa a Laftof Ɗinka? Duba Direba Kafin Ka Sayar da Ita

Ka daɗe kana tara kuɗi, ka sayi laftof ta hannu mai tambarin NVIDIA a jiki, ka ɗora GTA V ko eFootball, sai ga hoto yana tsinkewa, 'yan wasa na motsi kamar ana jan su da igiya. Da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa an cuce su, su sayar da ita a kan asara. Alhali sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, direba ne bai zauna daidai ba.

Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin Windows da na'urar sarrafa hoto, wato GPU. Idan tafintan ya tsufa ko ya ɓace, duk ƙarfin na'urar ba zai fito ba.

Na'ura biyu, ɗaya na barci

Yawancin laftof masu NVIDIA suna ɗauke da GPU biyu: ƙaramar Intel ko AMD da ke cikin furosesa, da kuma babbar NVIDIA. Tun 2010 kamfanin ya fito da fasahar Optimus, wadda ke barin ƙaramar ta yi ayyukan yau da kullum don tattalin batir, babbar kuma ta farka idan aiki ya yi nauyi. Matsalar ita ce wani lokaci gem ɗin yakan buɗe a kan ƙaramar.

Gane hakan ba wuya. Gem na gudana, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance. Idan GPU ta Intel ta cika maƙil, ta NVIDIA kuma tana kusa da sifili, ka kama ɓarawon. Shiga Settings, sai System, sai Display, sai Graphics, ka zaɓi gem ɗin ka sa shi a High performance.

Bayan an yi mata fomat

Masu gyara da dama sukan ɗora sabuwar Windows su miƙa maka ba tare da direban hoto ba. Buɗe Device Manager ka duba Display adapters. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to direban wucin gadi kake amfani da shi, kuma ba a yi shi don gem ba. Fara sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, kamar HP, Dell ko Lenovo, sannan na NVIDIA daga shafinsu. Ka tanadi data, domin na NVIDIA yakan haura megabait 500. Ka guji manhajojin da ke alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya.

Sabo ba kullum ya fi ba

Idan gem yana tafiya lafiya jiya, yau ya lalace bayan Windows ta sabunta kanta, koma Device Manager, buɗe Properties na GPU ɗin, ka danna Roll Back Driver. Idan abin ya ƙi, manhajar DDU takan share tsohon direba gaba ɗaya a Safe Mode, sai ka ɗora wani daga farko.

Abin da direba ba zai gyara ba

Laftof takan rage ƙarfinta idan ba ta jone da caja, har fasahar BatteryBoost ta NVIDIA takan tsayar da gem a hoto 30 cikin daƙiƙa. Don haka idan an ɗauke wuta, kada ka zargi direba. Haka kuma zafi: ƙurar hunturu takan toshe fanka, kuma da zarar na'urar ta ɗau zafi sai ta rage gudu don kare kanta. Alamarsa ita ce gem ya fara da kyau, bayan 'yan mintuna ya soma ja. A buɗe a share fankar, kuma a daina ɗora ta a kan katifa.

Sannan direba ba ya mayar da ƙaramar GPU babba. Jerin GeForce MX ba zai yi aikin RTX ba, ko sau nawa ka sabunta. Kafin ka biya kuɗin laftof, buɗe Device Manager a gaban mai shago, ka karanta sunan GPU ɗin, ka gwada shi da abin da gem ɗinka ke buƙata.