Yaro Mai Ciwon Rashin Natsuwa: A Ci Gaba da Ba Shi Magani Ko a Daina?

Jama'a, kowane yaro yana da ƙiriniya. Amma akwai yaron da tasa ta wuce ta sauran. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Idan an aike shi, kafin ya kai ya manta da saƙon. A makaranta ba ya gama aiki. Yana katse wa manya magana, yana tsallaka titi ba tare da ya duba ba.

Likitoci suna kiran wannan lalura ADHD a taƙaice. Da Hausa za mu ce ciwon rashin natsuwa. Bincike ya nuna a cikin yara 100 ana samun kimanin 5 masu ita, kuma an fi gano ta ga yara maza. Ba aikin aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba ne. Abin daga ƙwaƙwalwa yake, kuma sau da yawa gadonsa ake yi. Don haka duka ba ya maganinsa.

Yadda ake gane ciwon

Likita ne kaɗai zai tabbatar. Sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin yaro ya cika shekara 12, kuma ana ganinsu a gida da makaranta duka. Likita zai kuma duba ko wani abu ne dabam. Yunwa, ƙarancin barci, rashin ji sosai da rashin gani sosai duk suna hana yaro mai da hankali.

Aikin maganin

Maganin da aka fi bayarwa shi ne wanda aka sani da suna Ritalin. Yana fara aiki kafin awa ɗaya. Wani irinsa yana yin kamar awa 4 a jiki, wani kuma yana kaiwa awa 8 zuwa 12. A cikin yara 10 da aka ba su, kimanin 7 suna samun sauƙi.

Amma a lura. Maganin ba ya warkar da ciwon gaba ɗaya. Kamar tabarau yake ga mai raunin ido. Muddin yana sanye da shi yana gani, in ya cire sai a koma gidan jiya.

Maganin yana da nasa matsaloli. Yana rage cin abinci. Yana iya hana barci, ya kawo ciwon kai ko ciwon ciki. Yana ɗan ƙara bugun zuciya. Wasu yaran kuma girmansu yakan ɗan ragu idan sun daɗe suna sha. Wannan ne ya sa iyaye suke tambaya: shin har yaushe yaro zai yi ta sha?

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2019 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Holan. An ɗauki yara 94 da suka fi shekara 2 suna shan maganin. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya suka ci gaba da sha. Ɗaya kashin aka janye musu a hankali. Bayan mako 7 aka duba su.

A cikin waɗanda aka janye wa, kimanin 4 cikin 10 halinsu ya taɓarɓare. A cikin waɗanda suka ci gaba, ba su kai 2 cikin 10 ba. Wannan ya nuna maganin yana da amfani ko bayan shekara 2. Amma ya nuna wani abu kuma: kimanin 6 cikin 10 sun daina kuma halinsu bai taɓarɓare ba a wannan lokaci.

Ke nan ba amsa ɗaya ce ga kowa ba. Wani yaro yana bukatar maganin har ya zama saurayi. Wani kuma da ya girma ƙiriniyar tana raguwa. Hanyar sani ita ce a gwada, a ƙarƙashin kulawar likita.

Yaushe za a ci gaba?

A ci gaba idan karatun yaro ya gyaru, faɗa da yara ya ragu, kuma yana cin abinci yana barci. A ci gaba idan duk ranar da ya manta bai sha ba ana ganin bambanci sosai.

Yaushe za a yi tunanin dainawa?

Idan yaro ya yi shekara guda lafiya lau. Idan ya manta bai sha ba amma ba a ga wani bambanci ba. Idan yana ramewa, ko ya zama shiru-shiru kamar ba shi ba. A nan likita zai iya rage yawan maganin, ko ya canza wani, ko ya tsayar da shi. Idan kuwa yaro ya suma, ko ya yi kukan ciwon ƙirji, a garzaya da shi asibiti nan take.

Shawara ga iyaye

1. Kada ku tsayar da magani da kanku. Akwai wasu magungunan wannan ciwo da in an daina su farat ɗaya jini yakan hau.

2. Ku koma wurin likita ya sake duba batun aƙalla sau ɗaya a shekara. A riƙa auna tsawon yaro da nauyinsa aƙalla duk wata 6.

3. Kada a yi gwajin dainawa a farkon shekarar karatu ko lokacin jarrabawa. A zaɓi lokacin da komai yake kwance.

4. Ku sanar da malaminsa. Shi ne yake ganin yaron a aji. Ku riƙa rubuta abin da kuka gani kullum a ɗan littafi, ku kai wa likita.

5. Ku tambayi yaron da kansa. Shi ne mai shan maganin, ya san yadda yake ji.

6. Ku ba shi karin kumallo mai kyau kafin ya sha, kamar koko da ƙosai. Da dare, idan yunwa ta dawo, a ƙara masa tuwo.

7. Kada ku sayi maganin a hannun 'yan talla. Sai da takardar likita ake bayar da shi. Ku ɓoye shi, kada ku ba yaron maƙwabci.

Ko da magani ko babu, yaron yana bukatar tsari. A tsayar masa da lokacin barci da na tashi. A riƙa ba shi aike ɗaya a lokaci ɗaya. A zaunar da shi gaban aji. In ya yi daidai a yaba masa nan take. Ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, da irin wannan horo ake farawa kafin a yi maganar magani.

Mai neman taimako ya fara da asibitin da ke kusa da shi. Daga nan za a iya tura shi asibitin ƙwararru, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kai yaro can ba abin kunya ba ne. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a, amin.