Motocin bas sun iso Maiduguri, saura hanyarsu

Tun da aka hana acaɓa a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram, Keke Napep ce ta gaji titi. Wanda ya bi ta Post Office ko bakin Monday Market da la'asar ya san halin da ake ciki: wannan keke ta gitta, waccan ta tsaya tsakiyar hanya tana sauke fasinja, kowa na danna oda, ba gaba ba baya. Ga garin ya cika maƙil da waɗanda rikici ya koro daga Bama da Gwoza.

Gwamnatin Babagana Zulum ta gina gadar sama a Custom, aka buɗe ta a 2021, kuma a Disambar 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da motocin bas da tasi masu aiki da lantarki da iskar gas. An ji sauƙin kuɗin mota, babu shakka. To amma bas, ko da me take tafiya, in ta faɗa cunkoso ita da keke duk ɗaya ne.

Akwai dabarar da aka fara gwadawa a Essen ta Jamus a 1980. Ana shimfiɗa wa bas hanyarta ta kankare, da ɗan dakali hagu da dama. Kusa da tayoyinta na gaba ana maƙala wasu ƙananan tayoyi a kwance, su ne ke gugar dakalin suna juya motar. Direba ba ruwansa da sitiyari, nasa totur da birki. Hanyar ba ta cika faɗin mita 3 ba, kuma idan ta ƙare, bas ɗin ta hau titi kamar kowace mota ta shiga unguwa. Adelaide ta Ostireliya ta buɗe tata a 1986, daga baya ta kai kilomita 12. Ta Cambridge a Ingila, mai kilomita 25, bisa tsohon layin dogo aka gina ta, sai dai ta ci kuɗi fiye da kasafinta nesa ba kusa ba.

A ganina Maiduguri ba sai ta kai ga wannan ba tukuna. Amfanin dakalin yana wurin da fili ya yi ƙaranci, mu kuwa manyan titunanmu irin su Baga Road da hanyar Bulumkutu tagwaye ne. Ga yashi da zai riƙa cike hanyar, ga darasin ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumbar 2024. Abin da Legas ta yi a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS ya fi dacewa: a keɓe wa bas layi guda, a kange shi, a hana kowa shiga, har masu jiniya.

Wuyar aikin tana ga 'yan keke. Dubban matasa da ita suke ciyar da gida, kuma duk layin da aka ba bas daga hannunsu aka karɓe shi. Sai an zauna da ƙungiyarsu, an tanadar musu wurin tsayawa a kowace tasha, su riƙa kwaso fasinja daga lungunan Gwange da Bulabulin suna kawo wa bas.