A Kashe Kwamfuta Ko A Bar Ta A Kunne?

Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 nake jin gardama a shagunan buga takardu na Haɗejiya. Wasu na cewa a kashe kwamfuta da dare a rage kuɗi, wasu na cewa yawan kunnawa da kashewa ne ajalinta. Gardama ce ta ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta, muka aro ta ba mu duba ba.

Lissafin ba shi da wuya. Kwamfutar tebur mai cin wat 100, in ta wuni ta kwana a kunne, za ta sha yunit 72 a wata, sama da naira 16,000 a wancan farashi. Na'urorin yanzu kuwa suna jure kashewa kullum har su tsufa.

Mu nan abin da ke cinye su daban ne. Wutar da ke ɗaukewa ba sallama, ta dawo da ƙarfi tsakar dare, ita ke ƙona kwamfutar da aka bari a jone. Sai zafin bazara da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar ciki, da danshin damina a garin da ya sha ambaliya a 2018 da 2022. A kashe ta, a zare waya daga bango.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda ba a kunnawa sam. Jigawa ta yi suna a fannin kwamfuta zamanin Gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, har aka kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure. Ina wancan himmar? Na shiga ɗakin kwamfuta na wata makaranta, na tarar da kwamfutocin a jere, an lulluɓe da zani. Zanzaro ya yi gini a bayan ɗaya, alamar ruwa ta kai gwiwa a bango. Malamin ya ce ana adana su ne kada su lalace. Alhali ajiyar ma lalata su take yi: ƙaramin batirin ciki ya mutu, tsatsa ta kama mahaɗan waya. Ɗaliban kuma za su zauna jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ba su taɓa riƙe linzaminta ba.

Jami'an ilimi, don Allah, duk mai sa hannu a sayo kwamfuta ya haɗa da kuɗin sola, da teburi mai tsayi, da albashin mai gyara, kuma a ba malami mabuɗin ɗakin.