Faifan "Blizzard of Ozz": Suna Na Mutum Ɗaya, Gumi Na Mutum Huɗu

A ranar 22 ga Yulin 2025 ne mawaƙin nan na ƙasar Ingila, Ozzy Osbourne, ya mutu yana da shekara 76, kwana 17 kacal bayan wasansa na bankwana a filin ƙwallon Villa Park da ke Birmingham, inda ya yi waƙa a zaune saboda cutar karkarwar jiki da ake kira Parkinson ta hana shi tsayuwa. Jaridun Turai da na Amurka sun cika shafukansu da tarihinsa, kuma kusan dukkansu zance ɗaya suka yi ta nanatawa, wato mutumin da abokansa suka kora daga ƙungiyar Black Sabbath a 1979 saboda shaye-shaye, ya miƙe shi kaɗai ya fitar da faifan da ya fi nasu kasuwa. Na karanta da dama daga cikin waɗannan rubuce-rubuce, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan kalma ta "shi kaɗai", domin tarihin faifan bai yarda da ita ba.

Na san mafi yawan masu bibiyar wannan shafi ba ma'abota irin wannan kiɗa ba ne, kiɗan rok mai ƙara da rugugi wanda Turawa ke kira heavy metal, kuma rayuwar Ozzy ba abin koyi ba ce ga ɗan kowa. Amma rigimar da ta biyo bayan faifansa na farko, Blizzard of Ozz, rigima ce da lauya da injiniya da malamin jami'a za su gane nan take: idan mutane da yawa suka haɗu suka yi aiki, sannan aka rubuta sunan mutum ɗaya a bangonsa, mene ne rabon sauran?

Bari mu fara da ƙungiyar da ya bari. Matasa huɗu ne 'ya'yan talakawa daga yankin Aston na birnin Birmingham suka haɗu a 1968: Ozzy a waƙa, Tony Iommi a jita, Geezer Butler a babbar jita mai kaurin sauti, sai Bill Ward a ganguna. Kafin nan Ozzy ya yi aiki a mayanka, ya kuma yi makonni shida a kurkuku saboda fasa shago. Shi kuwa Iommi, inji ne ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, abin da ya tilasta masa sassauta tsirkiyoyin jitarsa daga baya, kuma daga nan ne aka sami wani ɓangare na wannan sauti mai nauyi da aka san su da shi. A 1970 suka fitar da faifai biyu, na biyun, Paranoid, shi ya kai sunansu duniya. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, ko a wancan lokaci Butler ne ke rubuta mafi yawan baitocin, Iommi ke ƙirƙiro kiɗan, Ozzy kuma ya ɗora karin murya ya rera. Ozzy bai taɓa zama makaɗi ba, kuma bai shahara da rubuta baiti ba.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 abubuwa sun taɓarɓare. Ya fice na ɗan lokaci a ƙarshen 1977, ya dawo a farkon 1978, sannan a rangadin da suka yi a shekarar, wata sabuwar ƙungiya mai suna Van Halen da ke buɗe musu fage ta riƙa kwashe musu tafi. A watan Afrilun 1979, a Los Angeles, aka aika Bill Ward, wanda ya fi kowa kusanci da shi, ya shaida masa an sallame shi. Dukkansu suna shaye-shaye a lokacin, shi ya sa Ozzy ya daɗe yana ganin korar a matsayin munafunci, amma ko shi bai musa cewa nasa ya wuce gona da iri ba. Suka ɗauko Ronnie James Dio a madadinsa, shi kuma ya kulle kansa a ɗakin otal na kusan wata uku yana shan abin da ya rage masa.

Wadda ta fito da shi daga ɗakin ita ce Sharon Arden, 'yar Don Arden, mai kamfanin faifai na Jet kuma manajan da ake shakka a harkar. Ita ta zama manajarsa, ta kuma zama matarsa a 1982. Duk wanda zai yi adalci dole ya ce ba don ita ba, da labarin Ozzy ya ƙare a wannan otal. Sai dai kuma duk wata ƙura da ta tashi daga baya, akwai hannunta a ciki.

Mutum uku aka haɗa shi da su. Na farko Randy Rhoads, wani siririn saurayi ɗan Kalifoniya mai shekara 22, wanda ke kaɗa jita a ƙungiyar Quiet Riot yana kuma koyar da ɗalibai a makarantar kiɗa ta mahaifiyarsa. Na biyu Bob Daisley, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da ƙungiyar Rainbow, makaɗin babbar jita kuma marubucin baiti. Na uku Lee Kerslake, tsohon mai ganguna na Uriah Heep. A watannin Maris da Afrilun 1980 suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Ridge Farm a karkarar Surrey, tare da Don Airey da ya taimaka da kiɗan fiyano da makamantansa, suka naɗi faifan. Ya fito a Ingila a watan Satumbar 1980, ya kai mataki na 7 a jerin faifan da aka fi saye, sannan ya shiga Amurka a Maris na 1981, inda a tsawon shekaru aka ba shi shaidar cinikin kwafi miliyan 5.

Wanda ya saurari faifan da kunnen basira zai ji cewa abin da ya raba shi da Black Sabbath hannun Rhoads ne. Kiɗan Iommi tafiyar giwa yake yi, a hankali, da nauyi. Rhoads kuwa ya tashi da karatun kiɗan gargajiyar Turai, don haka ya shigo da sauri da tsari da ƙawa, kuma yakan naɗi sashe ɗaya sau biyu ko sau uku a kan juna ba tare da ya kauce ba, har sautin ya cika kunne. Buɗewar waƙar "Crazy Train", wadda har yau ake sakawa a filayen wasanni na Amurka, daga yatsunsa ta fito. Akwai ma wani ɗan gajeren kiɗa marar waƙa mai suna "Dee" da ya yi domin mahaifiyarsa, babu muryar Ozzy ko ɗaya a cikinsa. Baitocin kuwa, mafi yawansu alƙalamin Daisley ne. Ni a ganina wannan faifai ne na ƙungiya, kamar yadda Paranoid yake na ƙungiya.

Haka su ma makaɗan suka ɗauka. Daisley da Kerslake sun sha bayyana cewa yarjejeniyar da aka yi ita ce Blizzard of Ozz sunan ƙungiyar ne. Da faifan ya fito sai suka ga sunan Ozzy Osbourne da manyan haruffa, Blizzard of Ozz kuma da ƙanana, ya koma sunan faifai. Da girman haruffa kawai aka mayar da abokan tarayya 'yan ƙwadago.

Abin bai tsaya nan ba. A farkon 1981 mutum huɗun nan suka sake naɗar faifai na biyu, Diary of a Madman, kuma da kammala shi aka sallami Daisley da Kerslake. Da ya fito a ƙarshen shekarar, hoton da ke ciki na Rudy Sarzo da Tommy Aldridge ne, waɗanda aka ɗauka a gurbinsu, alhali ba su kaɗa ko da sauti ɗaya a faifan ba. Aldridge da kansa ya faɗa cewa duk wanda ya san hannunsa ya san ba shi ya buga gangunan ba. Rhoads bai rayu ya ga ƙarshen rigimar ba, domin a ranar 19 ga Maris na 1982 ya mutu a haɗarin wani ƙaramin jirgin sama a Leesburg ta jihar Florida, yana da shekara 25.

Daisley da Kerslake sun kai kamfanin Jet ƙara a Landan, suka yi nasara a 1986. Abin mamaki, Daisley ya ci gaba da komawa yana yi wa Ozzy aiki har zuwa faifan No More Tears na 1991, kuma faifan Bark at the Moon na 1983, wanda shi da makaɗin jita Jake E. Lee suka ce sun yi aikin tsara waƙoƙinsa, sunan Ozzy kaɗai aka rubuta a matsayin mai su. Wani zai ce to me ya mayar da shi? Amsar ba ta da wuya ga duk wanda ya taɓa neman abinci a ƙarƙashin babban suna. A 1998 suka sake shigar da ƙara a Amurka, wannan karon a kan Ozzy da matarsa, suna neman kasonsu na cinikin faifan biyu. Kotu ta yi watsi da ƙarar a 2002, ɗaukaka ƙara ma bai amfane su ba.

A wannan shekara ta 2002 ne aka yi abin da na fi ganin muninsa a duk labarin. Aka sake fitar da faifan biyu, amma aka goge kiɗan Daisley da gangunan Kerslake baki ɗaya, aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin, makaɗan Ozzy na lokacin, suka sake kaɗa su a ƙarƙashin muryar Ozzy da jitar Rhoads, mutumin da ya shekara 20 a kabari. A lokacin Sharon ta ce Ozzy ne ya so haka saboda halin mutanen biyu. Shi kuma a littafin tarihin rayuwarsa ya ce shawararta ce. Ko ma wane ne, hana mutum kuɗi abu ne da kotu za ta iya dubawa, amma cire hannunsa daga aikin da ya riga ya yi, wannan gyaran tarihi ne da ƙarfin dukiya. Masu saye ba su yarda ba, suka yi ta ƙorafi, kuma a 2011, wajen bikin cikar faifan shekara 30, aka mayar da kiɗan asali.

To, amma kada na yi wa Ozzy rashin adalci, domin hujjar ɗaya ɓangaren tana da ƙarfi. Rhoads yana kaɗa jita a Quiet Riot tun kafin su haɗu, kuma faifan ƙungiyar biyu na farko a Japan kaɗai aka fitar da su. Daisley da Kerslake ƙwararru ne, amma babu kamfanin da zai zuba kuɗi don sunansu. Abin da Don Arden ya saya shi ne muryar nan mai kama da kuka daga nesa, da kuma shekara goma na suna da Ozzy ya tara a Black Sabbath. Haka kuma mai suna shi ke ɗaukar zagi. Waƙar "Suicide Solution" da ke cikin faifan, wadda Daisley ya ce ya rubuta ne a kan yadda giya ke kashe Ozzy a hankali, ita ce ta sa iyayen wani matashi ɗan shekara 19 da ya kashe kansa a Kalifoniya a 1984 suka shigar da ƙara. Kotu ta kori ƙarar, amma shekara da shekaru Ozzy ne limaman coci da ƙungiyoyin iyaye ke nunawa da yatsa, ba wanda ya san fuskar Daisley. Suna jari ne, kuma yana da nasa haraji.

Duk da haka ban ga yadda wannan ya halatta abin da aka yi ba. A ba mai suna kaso mafi tsoka, babu mai jayayya. Amma tsakanin kaso mafi tsoka da sanya hoton wani a kan aikin wani akwai tafiya mai nisa. Mu ma a ƙasar Hausa mun san wannan tsari, domin kowa ya san Alhaji Mamman Shata, amma kaɗan ne za su iya lissafa makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa. Bambancin shi ne, ɗan amshi ya san matsayinsa tun ranar da ya shiga, ba a yi masa alkawarin tarayya ba. Su Daisley, bisa nasu bayanin, da sunan tarayya aka kira su, kuma kuskuren da ya cinye su shi ne ba a ɗaure wannan magana a takarda yadda kotu za ta kama ba.

Wani abin lura kuma, Ozzy da kansa ya san zafin rigimar suna. A 2009 ya kai Tony Iommi ƙara a Amurka yana neman rabin mallakar sunan Black Sabbath, bisa hujjar cewa shi ma ya yi gumi wajen ɗaga darajarsa, aka sasanta a 2010. Da ƙungiyar ta sake haɗuwa, Bill Ward, wanda ya kai masa saƙon kora shekara 33 kafin nan, ya janye a 2012 yana cewa kwantiragin da aka ba shi ba ya sa hannuwa, har aka yanke hotonsa daga hotunan ƙungiyar na wani lokaci, aka kuma naɗi faifansu na ƙarshe, wanda ya fito a 2013, da wani mai ganguna daban. Sai a wasan Villa Park na 2025 ne su huɗun suka sake hawa dandali tare.

Lee Kerslake ya kamu da ciwon daji, kuma da likitoci suka shaida masa kwanansa ya ƙarato, sai ya rubuta wa Ozzy da Sharon wasiƙa. Bai nemi kuɗi ba. Abin da ya roƙa shi ne allunan shaidar ciniki na faifan biyu, irin waɗanda ake ba wa duk wanda ya yi aiki a faifan da ya sayar da kwafi miliyan, domin ya rataya a bangon ɗakinsa kafin ya mutu. A 2019 Ozzy ya aika masa da su, kusan shekara 39 bayan naɗar Blizzard of Ozz. Kerslake ya mutu a watan Satumbar 2020 yana da shekara 73.